Safar ulu a cikin but: waɗanda suka sha sanyin waje, me kuka gani?

Yaya Babba, Zariya

Assalamu alaikum. Ƙanwata ta samu gurbin karatu a Winnipeg ta ƙasar Kanada, kuma a watan Janairu za ta sauka, wato a tsakiyar sanyinsu. Maganar rigar sanyi da hula mun gama. Ƙafa ce ta rage, ita kuwa ko a hunturun Zariya ƙafarta kan yi sanyi har ta hana ta barci. Hajiyarmu ta sayo mata safa masu kauri har dozin guda, mai shagon ya ce mata ulu ne. Don Allah waɗanda suka zauna a irin waɗannan ƙasashe ku gaya mana: wace irin safa kuke sawa a cikin but, wato dogon takalmin sanyi, ƙafa nawa ke isar mutum, kuma yaya kuke wanke ta?

Maman Ilham, Winnipeg

Wa alaikumus salam Yaya. Ashe garinmu za ta zo, Allah ya kawo ta lafiya. A Janairu nan digiri 20 ƙasa da sifiri ba labari ba ne, yakan kai 30 har ya wuce, ga iska mai yanka. Wajen tsayuwa jiran bas ƙafa ta fi shan wuya, don ba motsi, sanyin ƙasa yana ratso takalmi.

Abu na farko, ta rabu da safar auduga. Ƙafa na gumi ko ana tsananin sanyi. Auduga ta sha gumin nan sai ta riƙe shi manne da fata, jiƙaƙƙen abu kuwa yana janye zafin jiki da sauri ƙwarai. Ulu na gaskiya, wato gashin tunkiya, yakan sha danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba ka ji shi a jiƙe ba, kuma silinsa a nannaɗe yake, yana riƙe iska a tsakaninsa. Iskar nan da ta maƙale ita ce ke tsare ɗumin ƙafa.

Ta riƙa karanta takardar da ke jikin safa kafin ta biya kuɗi. Ni nakan sayi wadda ulunta ya kai kashi 60 zuwa 80, sauran nailan da ɗan zaren roba mai talewa. Zallan ulu yana da ɗumi, amma diddigensa ba ya daɗewa yake hujewa. Akwai waɗanda za ka ga an zana ƙatuwar tunkiya a jikin kwalin, ka juya baya ka tarar ulun bai wuce kashi 10 ba. Ƙafa huɗu ko biyar masu kyau sun ishi ɗaliba, kuma ta zaɓi doguwa wadda ta hau ƙwauri ta wuce bakin but ɗin.

Anti Mai Saƙa, Jos

Yaya, kafin a zuba safar Hajiya a jaka ku gwada ta. Saƙa sana'ata ce, kuma yawancin zaren da muke saya a kasuwa muna ce masa ulu, roba ne, akirilik. Tumakinmu na nan, 'Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su gajere, ba irin wanda ake sausayewa a kaɗa ba, shi ya sa ulu na ainihi daga waje yake zuwa, da tsadarsa.

Ku juya safar, ku zaro sili ɗaya daga ciki, ku ɗora a kan farantin ƙarfe ku ƙyasta masa ashana. In ulu ne za ku ji ƙauri irin na babbakar kan rago da Babbar Sallah, wutar za ta mutu da kanta, abin da ya rage kuma in kun murza sai ya zama gari. In roba ne zai narke ya dunƙule ya yi tauri, da baƙin hayaƙi. Auduga kuwa tana ci da wuta da sauri, ta bar toka mai laushi.

A nan Jos, in hunturu ya kankama, masu gadi da 'yan acaɓa da masu fita asuba ban ruwan dankali, wajen 'yan gwanjo suke samun safar ulu ta gaske, don a dilar kayan Turai takan fito. Wanda zai saya ya zura hannu ciki ya ɗaga ta a rana. In haske na ratsa diddige ko tafin, ta riga ta ci lokacinta.

Yaya Babba, Zariya

Anti mun gwada yanzu. Narkewa ya yi, ya zama ɗan dunƙule mai tauri.

Maman Ilham, Winnipeg

To ta taho da su duk da haka, kada a ɓata wa Hajiya rai. Za su yi mata amfani a cikin ɗaki, don nan ba a shiga gida da takalmi, da kuma kwanciya. Na fita waje ne za ta saya in ta iso, tare da but ɗin.

Injiniya, Kazan

Ni abin da zan ƙara shi ne maganar takalmin kansa, don a nan Rasha na ga ɗalibai da yawa sun sayi safa mai tsada suna kuka da sanyi. Matsalar, sun cusa safa mai kauri, wani ma biyu, a takalmin da daidai ƙafarsu yake. Ulu in an danne shi iskar cikinsa ta fita, jini kuma ba ya zagayawa zuwa yatsu. Ƙanwarmu ta sa safar da za ta riƙa amfani da ita ranar da za ta gwada but, ta je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ta tabbata tana iya motsa yatsunta duka a ciki. Yawanci lamba ɗaya sama da takalmin da ta saba. Kada kuma ta ɗaure igiyar tamau.

Abu na biyu shi ne zafin cikin gini. Nan ana ɗumama ajujuwa da bas da shaguna sosai. Ka zauna a aji cikin but mai kauri ƙafa ta yi sharkaf, ka fito waje gumin ya zame maka ƙanƙara. Ni kullum da busasshiyar safa a jakata, kafin in fito nakan canza. Mutanen nan da yawa ma takalmin cikin ofis daban suke ajiyewa, su cire but da zarar sun shigo.

In na dawo gida nakan zare shimfiɗar cikin but ɗin in shanya ta daban, in cusa tsohuwar jarida ciki ta tsotse danshin. Busasshiyar safa a jiƙaƙƙen takalmi aikin banza ne.

Akwai tsofaffin mata da ke saƙa safa da hannu suna sayarwa a kasuwanni, mai kauri ƙwarai, wata ta gashin tunkiya, wata ta akuya. Ba abin da ya kai ta ɗumi, amma tana da kaushi, kuma ba ta shiga takalmin zamani. Ta gida ce, ko ta cikin irin takalmin nan nasu na gargajiya da ake yi da dannannen ulu. In zan sa ta nakan fara sa siririyar safa a ciki.

Ƙanwar Kowa, Ankara

Ni fa ulu ƙaiƙayi yake sa ni, har fatata ta yi ja. Ta roba nake sawa kuma ina rayuwa lafiya. Ba kowace ɗaliba ke da kuɗin waɗannan safa ba.

Baban Sadik, Minneapolis

Ƙanwata maganarki gaskiya ce ta wajen kuɗi, kuma ta roba ta fi ta auduga nesa ba kusa ba, don tana saurin bushewa. Sai dai sanyin Ankara bai kama ƙafar na Winnipeg ko namu na Minnesota ba. Ƙaiƙayin kuma yawanci daga kaurin silin yake. Ki gwada merino, irin tumakin da asalinsu Sifaniya ne, yanzu Ostareliya ta fi kowa kiwonsu. Silinsu siriri ne, gashin kan mutum ya ninka shi kauri wajen sau uku, shi ya sa yake lanƙwashewa a kan fata maimakon ya soke ta. In shi ma ya sa ki ƙaiƙayi, ki sa siririyar safar roba ko ta siliki a ciki, ulun a waje.

Aikina kai kaya gidajen mutane ne, yini nake shiga mota da fita cikin dusar ƙanƙara. Safar kamfanin Darn Tough nake sawa, a jihar Vermont ta Amurka ake yin ta, kuma kamfanin ya yi alkawarin musanya maka ita in ta huje, komai daɗewa. Smartwool ma na sa, ta yi mini kyau. Da tsada, ƙafa ɗaya takan wuce dala 20, amma a ƙarshen sanyi shaguna kan karya farashi, lokacin nake saya. Wani alherin ulu, ba ya saurin wari. Nakan sa yau, in juya ta in shanya ta sha iska gobe, jibi in maimaita, ba wanda ya taɓa juyar da kai a masallaci.

Ma'aikaciyar Jinya, Aberdeen

Namu sanyin na Sikotland bai kai na Kanada ba, amma jiƙaƙƙe ne, ruwa da iska ba fashi. Ƙafar da ta yini a jiƙe cikin sanyi tana iya lalacewa ko ba a kai ga ƙanƙara ba. Abin da ya sami dubban sojoji ke nan a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1914 da 1918, har aka wajabta musu canza safa da duba ƙafa.

Yaya ka gaya wa ƙanwarka: in yatsa ya daina jin taɓi, ya yi tauri, launinsa ya koɗe ko ya yi toka-toka, kada ta murza shi, kada ta kanga shi a hita, don fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa ba a sani ba. Ta shiga ɗaki, ta cire jiƙaƙƙiyar safa, ta tsoma ƙafar a ruwa mai ɗumi kamar digiri 37 zuwa 39, sannan ta nemi asibiti. Masu ciwon suga kuma, iyayenmu da ke zuwa mana ziyara lokacin sanyi, a nema musu safar da bakinta ba ya matse ƙwauri, marar ɗinki mai tudu a wajen yatsu, a riƙa duba ƙafarsu kowane dare.

Wanki kuwa, zafi da cuɗa su ke kashe ulu. Silinsa yana da ƙananan ɓawo, in ya haɗu da ruwan zafi da dirza sai su sarƙe, safar ta tsuke ta yi tauri, kuma ba ta komawa yadda take. Ina juya ta, in wanke a inji a digiri 30 a sashen wankin ulu, ko da hannu a ruwa mai ɗan ɗumi. Ban da bilic sam. Garin sabulun da aka sa wa sinadarin narkar da tabon jini da nama ma a guje shi, don ulu da gashi da nama dangi ɗaya ne, yana cin silin a hankali. Akwai sabulun ruwa na musamman don ulu, ba shi da tsada. Ba na murɗe ta wajen matsa, nakan naɗe ta a tawul in danna, in shimfiɗa ta ta bushe nesa da hita.

Direba, Agadas

Salamu alaikum jama'a. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma wanda ya kwana kan hanyar Dirku da Bilma a Disamba ko Janairu ya san sanyin hamadar Tenere. Kan dutsen Bagzan ma ruwa na daskarewa da dare. Mu ka'idarmu, safar barci daban, ana ajiye ta a leda, ba a taka ƙasa da ita. Ta aiki kuwa kowane maraice a juya ta a kakkaɓe rairayi da kyau, don rairayi ke yanke zare, shi ke kawo bororo kuma. Ruwa ya yi tsada a hanya, ba kullum ake wanki ba, shan iska da rana ke riƙe ta. Mai faso ya shafa man kaɗanya da dare ya kankare kaushi, ya yanke farce, in ba haka ba diddige da babban yatsa za su huda ko wace irin safa ce.

Anti ta Jos, mu nan Nijar muna da tumakin ulu kaɗan, irin Kundum, a bakin kogin Isa, wato kogin Neja, wajen Tilaberi, dangin na Masina ta Mali da ake saƙa bargo da gashinsu.

Yaya Babba, Zariya

Allah ya saka da alheri. Ita kuma ta ce in tambaya, yaya ake yi da alwala a makaranta cikin wannan sanyi?

Malam, Edmonton

Duk wanda ya wanke ƙafa ya tsane ta sarai, har tsakanin yatsu, kafin ya mayar da safa. Ɗan tawul a jaka ya wadatar. Game da shafa kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya huffin fata ake shafa a kai, wanda ya rufe idon sawu, aka kuma sa shi bayan cikakkiyar alwala. Safa zalla ba ta shiga sai an lulluɓe ta da fata. Hambaliyya sun halatta shafa a kan safa mai kauri wadda ta rufe idon sawu ta kuma tsaya a ƙafa, yini da kwana ga mazaunin gari, kwana uku ga matafiyi. Ni siririn huffin fata nake sawa a kan safar ulu, shi ya sa na sayi but mai yalwa. Ta zauna da malaminta kafin ta taso, ya fayyace mata sharuɗɗan.

Anti Mai Saƙa, Jos

Madalla da bayanin Direba, ban san da waɗannan tumaki ba. Saura abu biyu da ba a taɓo ba. Kada a jira safa ta huje. Da zarar diddige ya fara sirancewa a zura ƙaramar kwalba ko ƙwallo a ciki ya miƙe, a bi wurin da zaren ulu da babbar allura, tsaye sannan a gicciye, ba ƙulli, don ƙulli na cin ƙafa a cikin but.

Sai asu. Ulu yake ci, ya fi son wanda ke da gumi a jiki, kuma a watannin da aka ajiye kaya yake ɓarnarsa. In sanyi ya wuce a wanke safar tas, ta bushe ƙayau, a sa a leda mai zif ko roba mai murfi. Kada a cusa wari ɗaya cikin bakin ɗaya a dunƙule, robar bakin na sakewa, a ninke su kawai. In an ga 'yan ramuka da ba a san dalilinsu ba, a ɗaure kayan a leda a sa a firiza su yi mako guda ko biyu, sanyin na kashe ƙwai da tsutsar, sannan a share durowar kafin a mayar.