Magena tana ci kamar me amma sai ramewa take

Maman Mage:
Salam jama'a, dan Allah ku taimaka min. Magena ta kai shekara 11, wata biyu kenan ci take ba ƙoshi, ko kwanon kifi na ajiye sai ta buɗe, amma duk ta rame har ƙashin bayanta nake ji in na shafa ta. Na ba ta maganin tsutsa, ba canji.

Baban Yara:
Wa'alaikissalam. Ki lura ko tana yawan shan ruwa da fitsari, ciwon suga na kawo haka. Ki kai ta wajen likitan dabbobi a gwada jini.

Anti:
Ƴar uwa, magena ma haka ta yi, ashe sinadarin tayirod (wata gaɓa ce a wuya) ne ya yi yawa, cutar tsofaffin maguna ce, ga kukan dare ga amai. Gwajin jini na T4, wato sinadarin tayirod ɗin, aka yi aka ɗora ta a kan maganin carbimazole, yanzu ta fara cika. Duk sati ki hau sikeli ɗauke da ita, ki sake hawa ke kaɗai, ki cire nauyinki daga na farko ki rubuta a littafi, likita zai so ya gani. Kuma dan Allah kar ki ba ta farasitamol, yana kashe mage.

Maman Mage:
Na gode Anti, gobe da safe insha Allah.