Faifai ko rabon akawun: abin da muka tsayar a majalisar Jekadafari

Jiya bayan isha'i musu ya kaure a majalisarmu kan PS5, na'urar buga gem ta Sony, wasu na cewa a sayi gem a faifai, wasu na cewa a haɗa kuɗi mutum biyu a sayi gem ɗaya ta intanet a raba akawun. Masu rabon suna da hujja, kowa rabin kuɗi zai biya, mai akawun ya kunna Console Sharing, saitin da ke ba wani damar buga gem ɗin akawun ɗinka, a na'urar abokinsa shi kuma ya buga a tasa, amma na'ura ɗaya kawai akawun ke ɗauka a haka, kuma mai akawun ɗin sai da intanet zai buɗe gem ɗinsa, ka san yadda netwok ke yi mana a Gombe in hadari ya haɗo. Shawarar da kowa ya yarda da ita, kar ka raba da wanda ba ka san gidansu ba, ya canja fasuwod shikenan ka tashi a tutar babu.

Sai data. Wasu gem ɗin sun haura GB 100, ga wuta ana ɗaukewa rabin saukarwa.

Ni dai ina bayan faifai, in ka gama ka sayar ko ku yi musaya, duk da shi ma sai an yi ofdet. Amma gem ɗin ƙwallo irin FC da ake sakewa duk shekara, tsohon faifansa ba ya daraja, wannan a raba kawai. Wanda ya sayi PS5 marar ramin faifai ta 2020 kuwa ba shi da zaɓi.