Salla a makaranta da matsalar ƙauraye: abin da aka ce a majalisarmu

Bayan la'asar a majalisarmu ta Ƙofar Marusa a Katsina, hira ta faɗa kan ƙauraye, wato 'yan daba, da ƙwacen waya: shin addu'ar asembli da Islamiyya na rage ɓarna kuwa?

Wani malamin Islamiyya ya kawo aya ta 45 a Suratul Ankabut, cewa salla na hana alfasha, amma ya ce wadda aka yi don tsoron bulala ba ta bin yaro gida. Shawararsa, iyaye su riƙa leƙa makaranta, su san abokan 'ya'yansu.

Tsohon hedimasta ya ce a Amurka kotun ƙoli ta hana hukuma jagorantar addu'a a makarantun gwamnati a 1962. Laifuka sun ƙaru bayan haka, sai kuma suka ragu sosai a shekarun 1990 ba tare da an dawo da ita ba. Don haka kada a ɗora mata komai. Ni dai na fi karkata gare shi.

Mai shayi, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce, "Malam, wanda ya sha kodin ina yake jin kiran salla?" Shi a ganinsa a kai yaro wajen tela ko bakanike, a kuma kai ƙarar dillalan ƙwaya wurin mai unguwa.