Neman shawara kafin in biya kuɗi: shin waɗannan kayan kwamfutar wasa za su zauna da juna?

Ɗan Zangon Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu da ƙannenmu na wannan zaure. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Agege tare da iyayena, kuma kusan shekara guda ke nan ina tara kuɗi domin in haɗa kwamfutar tebur da za ta ɗauki wasanni, saboda laftof ɗin da nake da ita takan ɗau zafi ta riƙa sarƙewa da zarar na buɗe EA Sports FC ko GTA V. Ranar Asabar da ta wuce na shiga Computer Village a Ikeja, na yi ta zagaya titin Otigba tun hantsi har la'asar, na koma gida kaina a ɗaure, domin kowane mai shago abin da yake kan kantarsa shi yake yabawa.

Abin da na tsayar a raina shi ne firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, da madabod (babban faifan da ake dasa sauran kayan a kai) na hannu mai B450 wanda wani mai shago ya ce zai yi mini ragi sosai, da katin girafik (mai fitar da hoto a allo) RTX 3060 shi ma tokumbo, da ma'ajiyar bayanai ta SSD mai 1TB, sai kesin, wato akwatin kwamfutar, wanda ya zo da fawa fak (mai raba wa kayan wuta) a cikinsa, an rubuta 650W a jiki. Game da RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita, mai shagon ya ce in ɗauki sanda ɗaya ta DDR5 mai 16GB, wai ita ce ta zamani kuma ta fi gudu. Ban biya ko kwabo ba tukuna, don haka ina roƙon masu sani su duba mini ko kayan nan za su yi aiki tare. Ya kamata in faɗa cewa a unguwarmu wuta tana zuwa tana tafiya, kuma ƙaramin janareta muke tayarwa da dare.

Mai Gyara na Otigba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi hikima da ka riƙe kuɗinka, domin da ka sayi kayan nan yadda ka jera su, da ka isa gida da RAM ɗin da ko shiga ramin madabod ɗin ba zai yi ba. Ryzen 5 5600 yana zama ne a soket ɗin AM4, wato irin mazaunin firosesa da yake jikin madabod, kuma duk madabod ɗin AM4, ko B450 ne ko B550, DDR4 kaɗai yake karɓa. Abin da yake ruɗar mutane shi ne sandar DDR4 da ta DDR5 tsawonsu ɗaya, kowace tana da ƙafafu 288, amma ɗan yankan da yake ƙasan sandar ba a wuri ɗaya yake ba, an yi haka da gangan don kada a saka wata a gurbin wata. Ba sau ɗaya ba an kawo mini madabod da ramin RAM a fashe, saboda mai shi ya ga sandar ta ƙi shiga ya sa ƙarfi ya danna ta da babban yatsa.

Abu na biyu, kada ka ɗauki sanda ɗaya mai 16GB, ka ɗauki biyu masu 8GB waɗanda suka zo a kwali ɗaya, masu gudun 3200 ko 3600, domin firosesa yana karanta sanduna biyu ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma a wasa ana ganin bambancin. Idan madabod ɗin yana da ramuka huɗu, a mafi yawansu rami na biyu da na huɗu daga wajen firosesa ake sakawa, amma ka duba littafinsa ka tabbatar. Bayan ka kunna, ka shiga BIOS, wato manhajar saitin madabod, ka tayar da saitin gudun RAM mai suna XMP, wanda kamfanin Asus suke kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗin zai riƙa gudu ƙasa da abin da ka biya.

Inda nake so ka fi sa hankali shi ne wannan B450 na hannu. Madabod ɗin B450 sun fito tun 2018, shi kuwa Ryzen 5 5600 sai a 2022 ya shigo kasuwa, saboda haka idan wanda ya yi amfani da shi a da bai sabunta BIOS ba, za ka haɗa komai daidai, fankoki su yi ta juyawa, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin. Wasu madabod suna da maɓallin sabunta BIOS da filas ba tare da firosesa ba, wasu kuma ba su da shi, sai an nemo tsohon firosesa an saka. Ka ce wa mai shagon ya ɗora firosesan da za ka saya a kai, ya kunna a gabanka har ka ga sunansa ya fito a allo, sannan ka zaro kuɗi. Idan kuɗinka zai kai B550, shi na fi so maka, domin yana ba katin girafik da SSD na farko hanyar aika bayanai ta PCIe 4.0 wadda ta fi gudu, alhali B450 a 3.0 ya tsaya. Ka kuma juya firosesan ka haska shi da fitilar wayarka, domin a AM4 ƙafafun a jikin firosesa suke, kuma idan ɗaya ta lanƙwashe za ta iya hana RAM aiki.

Kesin kuwa, ka tambaya ko na babban madabod ne (ATX) ko na ƙarami (microATX), kuma ka sa a auna tsawon katin da awon tela, domin RTX 3060 akwai mai fanka biyu, akwai mai uku wanda ba kowane kesin yake shiga ba.

Baban Khalifa, Mile 12, ya amsa:

Malam ya gama maganar soket da RAM, ba ni da ƙari a kai. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne fawa fak ɗin da ya zo a cikin kesin, domin a nan ne na taɓa cin kwakwa. Lokacin da na haɗa wa ɗana tasa, na zuba kuɗin a katin girafik na bar irin wannan fawa fak na kyauta, ina ganin tun da an rubuta babban adadi a jiki ai shi ke nan. Wata biyu ba a yi ba, wani dare aka dawo da wuta da ƙarfi yana tsakiyar wasa, sai muka ji wani ƙara kamar an fasa leda, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Da aka buɗe, fawa fak ɗin ya ƙone, ya tafi da madabod ɗin tare da shi. Mai gyaran ya ɗora mini shi a tafin hannu, na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara, sannan ya nuna mini takardar da aka manna a gefensa, inda layin +12V yake nuna 20A. Ya ce in ninka da 12, na samu wat 240, ya ce to wannan ne ƙarfin da katin da firosesa suke samu, sauran adadin duk ado ne.

Saboda haka, ɗana, ka yi wannan lissafin da kanka a shagon. RTX 3060 yana jan wat 170, Ryzen 5 5600 an ƙiyasta shi a wat 65, kuma Nvidia, masu RTX 3060, da kansu fawa fak mai wat 550 suka ce a sa wa wannan kati. Ka sayi kesin ɗin ba fawa fak, ka nemi sabon 550W ko 650W na kamfanin da aka sani, irin su Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, mai garanti da rasit, wanda layin +12V ɗinsa ya kusa kai adadin da aka rubuta a kwali. Tambarin 80 Plus da za ka gani yana nuna rashin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar inganci ba ce gaba ɗaya, ko da yake wanda ko wannan bai samu ba ni ba na kallonsa. Ka kuma tabbatar yana da wayar katin girafik mai ƙafa 8 ta kansa, kada ka yarda a yi maka jonin adafta daga wayar SATA.

Tun da janareta kuke tayarwa, ka ware kuɗin UPS tun yanzu, wato na'ura mai batir da take riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ka ɗauke shi a matsayin ɗaya daga cikin kayan kwamfutar.

Injiniya Idi-Araba ya amsa:

Da izinin manya, ina da ɗan ja a kan tushen zaɓin. Soket ɗin AM4 tun 2016 yake, kuma AMD, masu ƙera Ryzen, sun koma AM5 a 2022, wanda shi ne yake aiki da DDR5 ɗin da mai shagon yake tallata maka. Wanda ya sayi AM4 yau ya sani cewa ranar da zai so sabon firosesa na zamani, sai ya canza madabod da RAM gaba ɗaya, alhali wanda ya fara da Ryzen 5 7600 da madabod B650 na AM5 yana da sauran hanya a gabansa. Ban ce lallai ka bi wannan ba, domin farashin kayan nan dala yake bi, kuma idan tafiya AM5 za ta sa ka rage ƙarfin katin girafik, to ka zauna a AM4, tun da a wasa katin ne yake ɗaukar mafi nauyin aiki. Ina so ne kawai ka zaɓa da idonka a buɗe.

Katin tokumbon ma yana buƙatar bincike. RTX 3060 ya fito a farkon 2021, lokacin da masu haƙar kuɗin kirifto suke kwashe katuna, kuma da Ethereum ta daina haƙa da kati a watan Satumba na 2022, katuna masu yawa da suka yi aiki dare da rana suka dawo kasuwar hannu. Ba kowanne ne ya lalace ba, amma ka sa a saka shi a kwamfuta, a buɗe manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati ka ga cewa 12GB ne, domin akwai RTX 3060 mai 8GB wanda sunansu ɗaya amma bai kai shi gudu ba. Daga nan a tayar da manhajar gwajin kati ta FurMark ko wani wasa mai nauyi na kamar minti ashirin, kana tsaye kana kallon allo ko wasu ɗigo-ɗigo masu launi za su fito, kana kuma sauraron fankokin. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin gwaji, kai ma ba ka da kuɗin saye.

Ɗan Zangon Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi. Na yi lissafi na ga cewa idan na ƙara sabon fawa fak da UPS, kuɗin katin ba zai cika ba sai nan da wata biyu ko uku. Yaya Mai Gyara, shin zan iya haɗa sauran kayan in riƙa amfani da kwamfutar haka kafin katin ya samu, ko kuwa in ɗauki 5600G da na ji ana cewa yana da girafik a cikinsa? Baba, UPS mai 650VA da muke da shi a gida zai wadatar?

Mai Gyara na Otigba ya amsa:

Amin, ƙanena. Ryzen 5 5600 ba shi da girafik a cikinsa, saboda haka ba kati ba hoto, ko da kuwa ka ga ramin HDMI a bayan madabod ɗin, wannan ramin ba zai fitar da komai ba. Shi 5600G zai nuna hoto, har ka buga wasanni marasa nauyi idan ka rage ingancin hoton, amma akwai abin da za ka sadaukar, domin ma'ajiyar gaggawarsa ta L3 16MB ce, ta 5600 kuwa 32MB, kuma a PCIe 3.0 ya tsaya ko da a kan B550 ka ɗora shi. Idan jiran shekara za ka yi, sai in ce ka ɗauki 5600G, amma saboda wata biyu ban ga dalilin da za ka zauna da firosesa mai rauni na tsawon shekaru ba. Ni a ganina ka ci gaba da haƙuri da laftof ɗinka, ka sayi komai a rana ɗaya, a haɗa a gwada a gabanka, domin idan ka saya ɗaiɗai ka ajiye a gida, ɗan garantin kwanaki da masu kayan hannu suke bayarwa zai ƙare kafin ka san ko kayan suna aiki.

Zan amsa ta UPS ɗin kafin Baban Khalifa ya shigo, ya gyara mini idan na kauce. Adadin VA ba shi ne wat ba, kuma mai 650VA yawanci wat 360 zuwa 390 yake bayarwa, alhali kwamfutarka tana tsakiyar wasa za ta kusa wat 300 kafin a haɗa da monita. Da batirinsa ya ɗan tsufa, ana ɗauke wuta zai yi kuka sau ɗaya ya mutu tare da kwamfutar. Ka nemi 1200VA ko 1500VA mai daidaita wuta a cikinsa, wanda suke rubuta AVR a kwali, kuma idan da hali wanda aka rubuta Pure Sine Wave, domin wasu fawa fak na zamani sukan kashe kansu idan UPS mai araha ya koma batir. Wasu UPS ɗin kuma ba sa karɓar wutar ƙaramin janareta, sai su yi ta ƙara suna shan batir, don haka ka yi sharaɗi da mai shagon cewa za ka gwada shi da janaretanku, idan ya ƙi karɓa ka dawo da shi a canza maka. Wancan mai 650VA ɗin ka bar shi ga talabijin ɗin falo.