Murjani mai rai, da sunan farin da yake yi idan ya jigata

1/
'Yan'uwa, kalma biyu nake so mu tsayar a Hausa, cikin sunayen da wasunmu suka kawo shawara: sunan wata halittar teku, da sunan farin da take yi idan ta jigata. Ina da ɗan tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 60, a ciki nake kiwon abin nan da Turawa ke kira coral. Duk wanda ya leƙa, tambayarsa ɗaya ce: dutse ne ko fure? Wannan tambaya tana da nauyi, domin sunan da mutum ya ba halittar nan shi ke nuna masa yadda zai riƙe ta.

2/
Ba mu rasa kalma ba. Murjani yana nan, mun aro shi daga Larabci tun da daɗewa, kuma a Suratur Rahman an ambace shi tare da lu'ulu'u cikin abin da ke fitowa daga teku. Sai dai kunnen Bahaushe in ya ji murjani, jan abu mai tauri da aka goge yake tunawa. Wancan ƙwarangwal ne na jinsi guda, Corallium rubrum, wanda ya fi yawa a Bahar Rum, yana zaune cikin koguna da lungunan da haske bai cika kaiwa ba. Na cikin tanki danginsa ne, amma yawancinsu ba sa rayuwa sai da haske mai ƙarfi.

3/
Ba mu kaɗai abin ya rikita ba. A shekarar 1706 wani masani ɗan Italiya, Marsigli, ya sa reshen jan murjani cikin ruwan teku, ya ga wasu fararen abubuwa sun buɗe a jikinsa, ya ce ya gano furannin murjani. Bayan shekara ashirin ko kusan haka wani likita ɗan Faransa, Peyssonnel, ya ce abin da Marsigli ya gani dabbobi ne, domin suna motsi, suna janyewa idan an taɓa su. Sai da aka ɗauki lokaci kafin masana su yarda da shi.

Gaskiyarsa ce ta tabbata. Kowane reshe taron ƙananan dabbobi ne masu ɗimbin yawa, kowace da bakinta a tsakiya da 'yan hannaye kewaye da shi. Masu tauri daga cikinsu suna zuƙar sinadaran kalsiyam da kabonet daga ruwa, su gina wa kansu ƙwarangwal irin na alli a ƙarƙashinsu. Naman da ke lulluɓe da shi siriri ne ƙwarai. Waɗannan ƙananan dabbobi ni 'ya'yan murjani nake ce musu, kuma ban ga wanda ya kasa fahimta ba.

4/
Wani malaminmu ya kawo shawarar dutsen ruwa. Allah ya ƙara sani, Malam, amma wannan suna ina tsoronsa. Wanda ya ɗauki abu a matsayin dutse zai kama shi da hannu ta inda ya ga dama, ya jingina shi da ɗan'uwansa, ya manta da shi. Murjani kuwa in ka matse shi ka yaga namansa a kan ƙwarangwal ɗinsa mai kaifi. In ka haɗa jinsi biyu kafaɗa da kafaɗa, wasu da dare suke miƙo dogayen hannaye masu harbi su ƙone maƙwabcinsu.

Wata 'yar'uwa ta ce furen teku. Wannan ya fi daɗin ji, kuma akwai rabin gaskiya a ciki, zan zo kanta. Illarsa ita ce mai jin fure zai zaci haske kaɗai ake bukata. Zai manta cewa dabba ce mai ci, mai fitar da ƙazanta, wadda ba ta iya gusawa daga inda take, saboda haka sai ruwa ya riƙa kaɗawa a kanta dare da rana ya kawo mata abinci da iska, ya kwashe mata datti. Zai kuma iya zuba maganin kifi mai tagulla a tankin, alhali tagulla ko kaɗan ce tana kashe murjani.

5/
Ni dai na tsaya a kan murjani mai rai. In an riga an san a kan me ake magana, murjani kawai ya isa. Faɗaɗa kalmar da muka gada ya fi ƙirƙiro baƙuwa, kuma "mai rai" ɗin nan shi ne darasi na farko ga duk mai son farawa. Ginin da suke yi a teku, wanda Turawa ke ce wa reef, tudun murjani ya dace da shi. A nan ban ji an yi gardama ba.

6/
Kalma ta biyu ce ta fi damuna, wadda Turawa ke ce wa bleaching, wato farin da murjani yake yi idan ya jigata.

Ga rabin gaskiyar da na ce. A cikin naman yawancin murjanin tudu akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya, ido ba ya ganinta, masana suna kiranta zooxanthellae. Ita ke karɓar haske ta sarrafa sukari, kuma mafi yawan abincin murjanin daga wurinta yake fitowa. Shi kuma ya ba ta mazauni da taki. Launin ƙasa-ƙasa da ake gani a jikinsa nata ne. Idan zafi ya yi yawa, ko haske ya wuce kima, aikin gansakukar sai ya rikice ta fara fitar da abin da ke cutar da mai masaukinta, shi kuma ya kore ta. Naman ya koma garai-garai, farin ƙwarangwal ya bayyana ta cikinsa. A teku, ƙarin digiri 1 kacal na ma'aunin Salsiyos a kan zafin da aka saba a lokacin bazara, in ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka.

Abin lura shi ne murjanin da ya yi fari bai mutu ba tukuna. Yunwa yake ji.

7/
Na gani da idona. Na sauya fitilar tankina da wata mai ƙarfi, na kunna ta gaba ɗaya tun ranar farko saboda ɗokin ganin launi. Akwai wani ɗan reshe mai ruwan ƙasa da koren baki da na ɗora can sama. Kwana biyar ya fara haske daga saman da ke kallon fitila, kafin kwana goma ya yi fari fat. Wanda muke kiwon tare ya ce in cire shi, ya zama dutse.

Da dare bayan fitila ta mutu na haska shi da ƙaramar tocila daga gefe. Sai ga 'yan hannayen nan sun fito daga kowane rami, farare kamar zaren gilashi, suna lilo a ruwa. Na ɗiga ɗan abinci kusa da su, na ga ɗaya ta naɗe shi ta kai baki. Na sauko da shi ƙasan tanki, na rage hasken zuwa rabi, na riƙa ba shi abinci sau biyu a mako. Wajen wata biyu launin ya fara dawowa daga gindi, ɗigo-ɗigo. Da kalmar da ke bakina a ranar tana nufin mutuwa, da na jefar da shi da ransa.

8/
Shi ya sa ban karɓi farar mutuwa ba, duk da wanda ya kawo ta yana da hujjar cewa sau da yawa can ake ƙarewa. Bilicin ma an kawo, tunda mun riga mun are ta. Amma mai jin bilicin zai ɗauka wani abu aka shafa ko aka zuba, alhali nan wani abu ne ya fita.

Kalmar da nake so ita ce koɗewa. Koɗewar murjani. Murjanin ya koɗe.

An yi mini gyara mai kyau, cewa rigar da ta koɗe ba ta komawa yadda take. Haka ne, yaya. Amma ba tufa kaɗai ke koɗewa a Hausa ba. Wanda ya sha jinya muna cewa ya rame ya koɗe, kuma ba wanda zai ji haka ya ɗauka an rasa shi. Za a ji cewa yana bukatar kulawa da gaggawa. Wannan ma'anar nake nufi. Ta kuma bar mana wuri mu bambanta shi da mutuwa ta gaske, inda naman yake saluɓewa ya bar ƙwarangwal tsirara, bayan 'yan kwanaki gansakukar waje ta rufe shi da kore ko ruwan ƙasa.

9/
Ƙaramin tanki ya fi saurin jawo koɗewa, domin ruwa kaɗan ba shi da haƙuri. Zafin da ake so yana tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salsiyos, kuma tsayawarsa wuri ɗaya ya fi lambar muhimmanci. Gishiri wajen giram 35 a kowace lita, kamar na teku. Ruwa yana bin iska amma gishiri ba ya binsa, don haka in lita 3 ta ƙafe daga tanki mai lita 60, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Abin da za a cike da shi tataccen ruwa ne marar gishiri, kaɗan-kaɗan kullum.  Sabon murjani a fara ajiye shi ƙasa inda haske ya yi sauƙi, a riƙa ɗaga shi a hankali cikin makonni.

Akwai kuma kuskuren masu tsananin tsabta. In ka tace ruwa har sinadaran taki, wato naitaret da fosfet, suka koma sifili, gansakukar cikin murjanin ta rasa taki, shi ma sai ya yi fayau.

10/
Ba masu tanki kaɗai ke bukatar kalmar ba. Babban tudun murjani na Ostireliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, ya yi gagarumar koɗewa a 1998 da 2002, sannan a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Mai kawo wannan labari da Hausa in ya ce ya mutu ya zarce, in ya ce ya yi fari bai faɗi komai ba.

11/
Saura wata kalma ta uku da ban tsayar ba, sunan ɗan guntun da ake yankowa daga babban murjani a manna shi a kan ƙaramin gindi ya ci gaba da girma, wanda masu kiwo ke musaya da shi. Wasu sun ce ɓalli, wasu sun ce dashe. Dashe ya fi nuna cewa zai kama ya yi girma, amma yana sake jan mu wajen tsiro, inda muka sha wuyar fitowa. Na fi karkata ga ɓalli, sai dai ina so in ji ta bakin masu kiwo da suka taɓa yankawa da hannunsu.