Neman kalma: ƙananan jatan landen da ake zubawa a kududdufin kiwo

Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa bayani kan kiwon jatan lande don wani shirin rediyo a nan Kano, sai kalma ɗaya ta tsaya min a maƙogwaro: postlarvae, wadda masu harkar ke taƙaitawa PL.

Jatan landen teku ba ya fitowa daga ƙwai da kamannin uwarsa. Sai ya rikiɗa mataki uku cikin kwana 10 zuwa 12, sannan ya zama jatan lande sak, ɗan siriri, garai-garai kamar gilashi. Daga ranar ake fara ƙirga masa kwana, PL12 ke nan mai kwana 12. Wajen wannan lokaci, yana da tsawon kamar santimita 1, ake ɗura shi a leda da ruwa da iskar oksijin a sayar wa mai kiwo. Haka ake yi a Ekwado da Indiya da Biyetnam. To me za mu kira shi?

Mai tarwada, Hotoro:
Malam, kada ka wahalar da kanka. Mu 'ya'yan kifi muke cewa, ko finga. Ka ce 'ya'yan jatan lande, an wuce wurin.

Mai tambaya:
Alhaji, na so hakan. Amma wanda ya ƙyanƙyashe jiya ma ɗa ne, kuma in ka zuba shi a kududdufi ka zubar da kuɗinka. Finga kuwa daga yatsa aka samo ta a Turanci, wannan ko farce bai kai ba.

Ɗalibar kimiyyar halittu:
Tsutsa fa? Ko kuma iri. A Indiya iri suke ce masa, mutanen Indonesiya na cewa benur, ma'anarta irin jatan lande.

Hajiya mai abinci, Fagge:
'Yar nan, wa zai ba da kuɗinsa a ce masa ga tsutsa? Iri kuma, in ka zo Sabon Gari ka ce kana neman irin jatan lande, tambayarka za a yi wane iri, busasshen garin Oron na Akwa Ibom ko daskararre. Ni kaina haka zan fahimta.

Mai lambu, Kwakwaci:
Ku yi haƙuri da shisshigi, ban taɓa ganin mai rai ba. Amma abin da Malam ya kwatanta mu muna da sunansa. Iri shi ne ƙwayar albasar da muke yafawa. In ya tsiro ya yi ƙwari, ka cire shi ka kai fangali, ya zama dashe. Kuma ba a dashe da rana tsaka, sai yamma ta yi sanyi, in ba haka ba ya kwanta.

Mai tambaya:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka harbi tsuntsun. Abin mamaki, har sanyin yammar ya dace. Shi ma da sassafe ko da yamma ake zuba shi. Ana ajiye ledar ta yi yawo a kan ruwa ɗan lokaci, a riƙa ɗebo ruwan kududdufin ana ƙara mata kaɗan-kaɗan har ɗumi da gishirin su zo ɗaya. Wanda ya yi gaggawa ya juye, washegari gawa zai kwasa.

Ɗalibar:
Amma Malam, dashe ai na tsiro ne.

Mai tambaya:
Da can. Yau likitoci na dashen ƙoda, ba wanda ya ɗauka lambu suka shiga. Ni dai abin da ya ja ni, kalmar na ɗauke da aikin gaba ɗaya: an raine shi a wani wuri, ya yi ƙwari, za a mai da shi inda zai girma. Iri sai mu bar wa iyayen da ke saka ƙwai. A shirin zan ce dashen jatan lande, guda ɗaya ɗan dashe, PL12 kuma ɗan dashe mai kwana 12.

Mai tarwada:
To na ji. Amma nawa kifin finga ne, kada a taɓa min.