Kalmar "tide" ta tsaya mini a rai

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Turanci a Katsina, kuma yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin teku ba. Da muka zo kan kalmar "tide", na ce musu ruwan teku ne ke cikowa ya janye, sau biyu a rana, tsakanin cikowa da cikowa awa 12 da minti 25, saboda jan da wata ke yi masa. Sai wata ɗaliba ta ce igiyar ruwa ke nan. Ba haka ba ne, igiya iska ke tayar da ita. "Spring tide" ma, wato lokacin da cikowar da janyewar suka fi girma, ya ƙara rikita su, tunda ba ruwansa da bazara da ake kira "spring", yana zuwa ne in wata ya cika ko ya ɓuya. 'Yan uwa mazauna Legas, da wace kalma kuke kiran wannan cikowa da janyewar ruwan teku? Don Allah a taimaka.